Alwala Ɗaya, Salloli Biyar

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan sallar isha'i

Yau kwana uku ke nan a jere. Alwalar da na ɗaura da asuba, da ita na ja mutane isha'i. Ba zan faɗa wa kowa ba don kada riya ta shiga ciki, shi ya sa na lalubo wannan tsohon littafi da ya rage min tun ina hedimasta, na ce bari shi in faɗa masa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina limancin masallacin unguwarmu, tun da na ajiye alli. A da iyakar ƙoƙarina daga asuba zuwa la'asar, shi ma sai na kame bakina daga ruwa. Duk fadamar nan an san Malam Abdulganiyyu ba ya zuwa gona da jarka. Sauran mutane su yi ta ɗirkar ruwa, kafin a zagaya fangalin shinkafa biyu sun ɓace bayan ciyawa. Ni kurɓi biyu da safe, sai kuma na dawo gida. To ga shi yanzu abin ya kai ni har isha'i, kuma ba da wata wahala ba. Ko matsuwa ba na ji.

Shekarata sittin da shida. A nuna min sa'ana a Haɗeja da zai iya.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

Fannami ya gano. Ƙanin matata Fanna ne, shi ne ladaninmu, kuma gonarsa ta shinkafa tana jikin tawa. Da ya taso daga Birniwa shekara ashirin da suka wuce ya kwaso komai nasa, riƙon baki kaɗai ya mance a can.

Jiya bayan magariba ya ɗauki butata a ƙofar masallaci, ya girgiza ta, ya leƙa bakinta.

"Malam, butar nan fa gizo-gizo ya tare a ciki. Yaushe rabonka da ita?"

Na ce ya ajiye min kayana.

"A'a, tsaya tukuna. Azahar ban ga ka yi alwala ba, la'asar ban gani ba, yanzu ma haka. Kada dai ta asuba ce har yanzu?"

Na ci gaba da jan carbina. Ya dafe kai ya yi salati, ya ce ashe Ya Fanna waliyyi take aure ba ta sani ba, tana ta aikensa sayen daddawa. Na hana shi faɗa wa mutane. Sau ɗaya na hana shi, kuma gaskiya ban ɗaga murya ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, kafin azahar

Takalmina ya matse ni. Fatar da ake yi yanzu ba ta da kirki, zafi kaɗan sai ta tsuke. Silifas na sa.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan la'asar

Labari ya zaga. A hanyar dawowa daga masallacin Juma'a mutanen da rabona da su tun ina koyar da 'ya'yansu suna tsallako titi su ba ni hannu biyu. Wani mai sayar da busasshen kifi ya kawo min ruwa a leda wai in tofa masa ya kai wa matarsa. Na ce ni ba kowa ba ne. Na tofa.

Zan faɗi gaskiya a nan tunda ba mai gani: na ji daɗi. Shekara talatin da huɗu na yi ina gyara 'ya'yan garin nan, da na bar aiki ko agogon bango ba a ba ni ba. Yau ga shi an san akwai mutum.

A gida kuma labari daban. Miyar kukar Fanna ɗanɗanon ƙarfe take yi a bakina, kamar na tsotsi makulli. Na ce ta duba tukunyarta. Ta ce tukunyar da take dafa min abinci shekara talatin ce, ba ta canza ba, sai dai in bakin ne ya canza. Na ture kwanon. Jikina kuma ƙaiƙayi yake yi, musamman baya da ƙwauri. Ƙaiƙayin shinkafa ne, kowa ya san ta fara nuna. Na sha haɗin gajiyar da nake karɓa a kemis, ƙwaya huɗun nan, na ƙara biyu saboda ciwon baya.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan isha'i

Biyar. Alhamdu lillahi.

Talata, 15 ga Afrilu, da yamma

Halimatus Sa'adiya ta zo daga Malam Madori, inda take aiki a ƙaramin asibiti. Autata ce, ita ce kuma ta gado taurin kaina. Na san uwarta ce ta kira ta, don ba ranar zuwanta ba ce.

Ta gaishe ni tana kallon ƙafafuna maimakon ƙasa. Kafin in ankara ta durƙusa ta danna min ƙwauri da babban yatsa. Da ta ɗaga, wurin ya zauna a lotse kamar an danna tuwo.

"Baba, yaushe rabonka da kewayawa?"

Ni 'yar cikina take yi wa wannan tambaya. Na ce ina ta ajiye tarbiyyar da na ba ta?

"Tana nan, Baba. Da ita da darasin da ka ba ni a aji biyar. Kai ka zana mana mutum a allo, ka ce jiki gida ne mai ƙofofin shara huɗu. Ka ce huhu yana fitar da gurɓatacciyar iska, fata tana fitar da gumi, hanji yana fitar da abin da ya rage na abinci. Ka ce ta huɗun ita ce babba, ita ke tace jini dare da rana ta zubar da dattin a ruwa, in ta rufe sauran ukun ba za su iya ɗaukar aikinta ba. Har bulala ka yi min da na mance sunanta."

Na ce wannan darasin yara ne, abin da ke kaina kuwa ba a littafin aji biyar yake ba. Ta ce in bar ta ta ɗebi jini kaɗan a gwada. Na ce jinina ba na gwaji ba ne. Ta ce aƙalla in daina shan haɗin kemis. Na ce na ji.

Ta tafi tana share ido da gefen hijabi. Darasin dai ta riƙe shi tsaf, kalma ba ta kuskure ba. Koyarwata ce.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan azahar

Na leƙa gona da safe. Fannami da Shu'ibu na'ibina da wasu mutum uku suna korar tsuntsu, ba wanda ya zo da jarka. Fannami ya ce sun yi shawara ne, hanyar Malam za su bi, ai ba daga sama abin ya faɗo min ba, horo ne. Rana kuwa yau ba a cewa komai, ƙarfen injin ban-ruwa ba ya taɓuwa. Na ce Allah ya taimaka. Na ji ƙirjina ya cika.

A hanyar dawowa na ratse bayan ciyawar kachalla na yi amai. Ba kowa ya gani ba. Amai ba ya karya alwala, na kuskure baki na wuce.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da safe

Shaƙuwa tun jiya. Fuskata ta yi cika, mutane suna cewa haske ne.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan magariba

A sallar la'asar na tashi zuwa raka'a ta biyar. Shu'ibu ya yi subhanallahi har sau uku kafin in gane da ni yake. Muka yi ba'adi. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ba.

Da aka watse na zauna na kasa tuna hanyar da zan bi in fita, alhali ƙofa ɗaya ce.

Amma biyar.

Laraba, 23 ga Afrilu, da hantsi, a asibiti

Ba zan rubuta yadda aka kawo ni nan ba. Fanna ta ce a bayan Keke Napep ne, kaina a cinyarta, ina kiran sunayen yaran da na koyar shekara talatin baya. Ni ban san an yi ba, saboda haka ba zan amsa ba. Ita ta taho min da littafin nan a cikin kayana, ta zaci na addu'o'i ne.

Likita ya karanta min sakamakon jini. Lambobi ne, ba zan rubuta su ba. Ya tambayi abin da nake sha, da yawan ruwan da nake sha, da shekara nawa ina haka. Da na faɗa masa sai ya cire tabarau ya goge ya mayar.

An sa min wata roba a gefen wuya. Sau biyu ke nan ana kai ni ɗakin da injinan wanke jini suke.

Wadda ke kula da ɗakin Sista Naomi ce. Tana ganina ta ce, "Baba Hedimasta!" ta rusuna har ƙasa da fararen kayanta. 'Yar Malam Luka ce, mutumin Kagoro da muka yi koyarwa tare shekara tara, a gidan malamai aka haife ta. Yarinyar da ke kuka in an ce ta fito allo, yau ita ke juya inji mai fitilu da ƙara, mutum shida a kwance suna jiran umarninta. Na gaya wa na gadon kusa da ni ɗalibata ce. Na gaya masa sau biyu don kamar bai ji ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan azahar

Awa huɗu ake yi. Jini ya fita ta roba ɗaya, ja wur, ya bi ta cikin wata 'yar gora mai cike da farin zare, ya dawo ta ɗaya robar. Ban taɓa ganin jinina yana tafiya ba sai a nan. Na tambayi Naomi me gorar take yi, don in ji ko ta san aikinta.

"Tacewa, Baba. Duk abin da mutum ya ci, in jiki ya gama amfani da shi sai ya bar guba a jini, da gishirin da ya yi yawa, da ruwan da ya yi yawa. Naka sun taru ne ba hanyar fita. Kai fa manomi ne. In kachalla ta toshe magudana, ruwan fangali ina za shi?"

Na ce ya kwanta ya ruɓe, kanwa ta taso, shinkafa ta ƙone.

"To shi ne kumburin ƙafar nan. Ƙaiƙayin kuma dattin ne yake neman fita ta fata. Aman da ɗacin bakin duk shi ne. Har kai ya hau, shi ya sa ka rikice."

Na ce to yaushe za su buɗe?

"Allah ne ya sani, Baba. Wasu sukan farfaɗo in an hutar da su. Wasu kuwa sai dai inji har ƙarshen rayuwa. Alamar da muke jira guda ɗaya ce." Ta miƙo min wata roba mai layi-layi a jiki. Ta ce duk abin da ya fito, ko ɗigo ne, a ciki, za ta zo ta duba.

Na ce ta ajiye a ƙarƙashin gado, can ciki.

Asabar, 26 ga Afrilu, da safe

Cokali uku a robar.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan la'asar

'Yan dubiya sun zo, mutanen masallaci su tara. Kafin su shigo na sa Fanna ta naɗa min rawani ya rufe wuyan, ta kuma tura robar awon nan bayan kwandon kwanuka. Na ce musu maleriya ce da taifot. Kowa ya gyaɗa kai, ai ita ce ke yawo bana.

Fannami ya zauna a bakin gado. Leɓensa duk ya tsattsage, idonsa ya faɗa.

"Malam, ka kwantar da hankalinka, mun riƙe maka hanya. Ni yanzu ina kai la'asar. Shu'ibu shekaranjiya ya kusa kai magariba. Mun ce kafin ka dawo sai ka same mu mun zama mutane."

Naomi tana tsaye tana gyara ƙarin ruwan wani. Na ga hannunta ya tsaya.

Na ce masa, "Madalla."

Abin da na ce ke nan. Madalla.

Litinin, 28 ga Afrilu, da hantsi

Fanna ba ta yi min magana ba jiya har aka kwanta. Yau da ta kawo kunu ta ajiye, ta ja labule ta zagaye gadon, ta zauna. Shekara talatin da bakwai muna tare, ban taɓa ganin ta zauna haka ta kalle ni ido cikin ido ba.

"Malam, ƙanina ne."

Na ce na sani.

"Uwa ɗaya uba ɗaya. Yankan shinkafa ake yi, tun safe har yamma yana cikin rana ba ya shan ruwa. Sa'adiya ta je har gona ta faɗa masa abin da ke damunka. Ka san abin da ya ce? Ya ce Malam da bakinsa ya ce taifot ne, 'yan boko dai ba su yarda da baiwa ba. Ni ma na faɗa masa, ya ce mace ba ta ganin girman mijinta. Bakinka kaɗai zai ji."

Na ce in na fito zan san yadda zan yi.

"Bari in faɗa maka abin da na rufe. Kwanakin nan da ake tsallako titi ana ba ka hannu biyu, in ka buɗe baki zarni ke fitowa. Ni ke kwana kusa da kai. Turare na dinga zuba wa rigunanka don kada mamu su ji. Na rufa maka asiri a wannan, ba zan rufa maka a kan ran ƙanina ba."

Ta ɗauki kwanonta ta fita.

Ban sha kunun ba. Ni da nake tattare wando don kada ɗigo ɗaya ya taɓa shi, ni da nake mayar da yaro ya sake tsarki, ashe abin a cikin jinina yake yawo, da shi nake tsayawa gaban mutane. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na kuma ji haushinta da ta faɗa, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Talata, 29 ga Afrilu, da yamma

Rabin kofin shayi. Naomi ta ɗaga robar sama tana dubawa a hasken taga, ta ce, "Baba, ka ci jarrabawar yau." Na gadon kusa da ni ya ce shi wata bakwai ke nan bai ga ko ɗigo ba. Sa'an ɗana na biyu ne, masunci daga wajen Miga.

Ƙoda. Ga shi na rubuta. Sunan ƙofa ta huɗun ke nan.

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan azahar

An kawo Fannami jiya. A tsakiyar bugun shinkafa ya yanke jiki ya faɗi. Yana ɗakin da ke gaba da namu, an sa masa ƙarin ruwa leda huɗu. An gwada jininsa, an ce ya tsallake, amma da ƙyar.

Taku ashirin ne tsakanin gadona da nasa. Na tashi, na naɗa rawani, na kai bakin ƙofa. Na jiyo muryarsa yana ce wa 'yan dubiya jarrabawa ce, ai Malam ma sai da ya sha irinta kafin a buɗe masa. Na juyo na kwanta.

Fanna tana can wajensa. Sa'adiya ce ta kawo min abinci, ta ajiye ta ce, "Ga shi, Baba," ba ta ƙara ba.

Asabar, 3 ga Mayu, da safe

Robar ta cika. Aka zubar, ta sake cika. Naomi ta kira likita da gudu. Ya ce alama ce mai kyau amma kada in yi saurin murna, ba za su koma kamar da ba, kuma haɗin kemis ni da shi har abada. Ya ce yanzu ruwa zan dinga sha, ya nuna min gwargwado. Ya ce in ya matsa kada in riƙe ko na minti ɗaya.

Sau tara jiya. Na ƙirga. Na gadon kusa ya ce in yi masa addu'a. Na yi masa, wannan karon ban tofa a komai ba.

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar, a gida

An sallame ni. An cire robar wuya, an bar filasta. Zan dinga komawa gwaji duk Litinin. Da za mu taho Naomi ta rako ni har bakin ƙofa ta ce, "Baba, mutum uku aka kawo mana daga fadamarku cikin mako biyu. Ni in na yi magana za a ce Kirista ce, ba ta san alwala ba." Na ce mata na ji. Kowa dai na ji nake ce masa.

An sallami Fannami tun shekaranjiya. An ce ya koma gona, kuma ba jarka.

Laraba, 7 ga Mayu, da hantsi

A gida nake salla. Na ce jiki bai gama ƙwari ba. Gaskiyar ita ce tsakanin azahar da la'asar sau uku nake ɗaukar buta.

Alhamis, 8 ga Mayu, kafin magariba

Na yi dabara. Makewayin gidana yana ciki, ba mai gani. In lokaci ya kusa sai in kewaya, in yi alwala a tsakar gida, in bari ruwan ya bushe, in fita. Masallaci taku hamsin ne. Ba wanda zai san ta yaushe ce. Ba ƙarya zan yi ba, shiru kawai zan yi. Shi kuma Fannami zan ja shi gefe a hankali in ce ya dinga ɗan kurɓa saboda zafi.

Na faɗa wa Fanna dabarar. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, waliyyi." Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Gobe da la'asar zan fita.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan magariba

Na yi yadda na tsara. Na sa farar riga, na naɗa rawani ya rufe filastar. Masallaci ya cika har waje don an ji zan fito. Gaishe-gaishe suka ci lokaci, wannan ya riƙe hannu, wancan ya yi addu'a, wani ya kawo jikansa in shafa masa kai. Ban saka wannan a lissafina ba. Ga shi na sha ruwan da likita ya ce kafin in fito.

Fannami ya ta da iƙama. Muryarsa a dushe take, a tsakiya sai da ya tsaya ya haɗiyi yawun da babu. Na shiga gaba, na ce a daidaita sahu. Sai na ji matsuwa ta zo. Ba da wasa ba kuma.

Raka'a huɗu ce. Zan iya. Na riƙe abin da ya fi haka shekara da shekaru, ba wanda ya fi ni iyawa a garin nan. Na ɗaga hannu zan yi kabbara. Sai na waiga don in ga sahu, idona ya sauka a kan Fannami a bayana. Ya rame, wuyansa kamar a murɗe, yana kallona kamar yadda yaran aji ɗaya suke kallona ranar farko. Kusa da shi Shu'ibu yana ɗan musanya ƙafa, ya ɗaga wannan ya ajiye waccan. Shekara talatin da huɗu a aji, na san wannan tsayuwar.

Na sauke hannuna. Na juyo gaba ɗaya.

Na ce, "Jama'a, ku yi haƙuri. Fitsari nake ji."

Ba wanda ya motsa. Na jiyo fankar sama tana juyawa.

Na warware rawanin na nuna musu filastar. Na ce ba taifot ba ne, ƙarya na yi muku. Ƙodata ce ta tsaya, shi ya sa alwalata ba ta karyewa. Ba baiwa ba ce, ciwo ne, kuma ni na jawo shi da ƙin shan ruwa da ƙwayoyin kemis. Inji ne ya wanke min jini sau biyar. Baiwar ita ce wannan da nake ji yanzu, kwana goma ina roƙon Allah ita. Duk wanda ya bar jarkarsa a gida saboda ni, alhakinsa a wuyana, ya yafe min, gobe ya ɗauke ta. Na ce Malam Isa mai shayi ya shiga gaba ya ja salla.

Na ratsa sahu bakwai. Aka dinga buɗa min hanya ba mai ɗaga ido. Butata tana inda take a ƙofa, na kakkaɓe ta na cika. Ban sunkuyar da kai ba. Na ce a raina shi ke nan, limanci ya ƙare, gobe ba mai tsallako titi.

Na daɗe a makewayin masallaci. Ba wanda ya kore ni, ban kuma yi sauri ba.

Da na buɗe ƙofa na fito, mutum shida ne a tsaye a layi, kowa da buta. Fannami a gaba, Shu'ibu a bayansa. Idon Fannami ya yi ja, ban sani ba ko kuka ya yi ko haushi ne.

"Malam, matsa ka ba mu wuri," in ji shi. "Tun hantsi muke riƙe da shi saboda kai."

Na matsa. Yana wucewa ya ce ƙasa-ƙasa, "Ya Fanna ta faɗa min, na ce ƙarya take. Yanzu da wane ido zan kalle ta?"

Na ce da irin wanda ni zan kalle ta.

Mu bakwai muka yi jam'inmu daga baya a waje, kusa da takalma, ruwan alwala yana ɗiga daga gemun kowa. Na ce Shu'ibu ya shiga gaba. Suka ƙi. Fannami ya kama hannun rigata ya tura ni, ya ce wanda ya ja su zuwa makewayi shi zai ja su salla.

Na ja su. Ban yi rafkanuwa ko ɗaya ba.